Yaranmu na ƙauye da jarrabawar kwamfuta: ba sai da data ba

Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda, kowa sai a kwamfuta, yanzu tambaya 180 ce a cikin awa 2, Turanci 60 sauran darussa ukun 40-40. WAEC ma a 2024 ta fara gwadawa da masu zanawa daga waje. To mu nan ƙauyukan Ringim yaro sai ya gama aji shida na sakandare bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa a loda su a mota zuwa Dutse ko Kano, ya zauna hannu na rawa, karatun yana kansa amma neman inda zai danna ya cinye masa lokaci. Wallahi abin nan yana ci mini rai, don ba daƙiƙai ba ne yaran nan.

Malamai 'yan uwana, akwai manhajoji na kyauta da za mu koya wa yaran jarrabawar kwamfuta da su, waɗanda masu su suka buɗe wa kowa, ka sauke ka girka har ka gyara in ka iya, ba mai tambayarka kuɗin lasisi. Wadda na fi sani ita ce Moodle, wani ɗan Ostareliya Martin Dougiamas ne ya fito da ita a 2002, jami'o'i da yawa da ita suke aiki. Akwai TCExam ta wani ɗan Italiya, ita jarrabawa kawai ta sa a gaba, sai Kolibri da aka yi musamman don inda babu intanet. Ni dai Moodle na riƙe.

Mutane suna jin an ce intanet sai su ce ai mu ba mu da sabis. Ba sai da sabis ba fa! Laftof ɗaya za ka girka wa Moodle ta hanyar XAMPP, wata manhaja da ke ba Moodle damar aiki a kan laftof ɗin, ka haɗa ta da ƙaramar rauta, wato na'urar da ke ba da wayifai, ko da babu layi a ciki, duk wayar da ta kama wayifai ɗin za ta buɗe jarrabawar kuma ko sisi ba a ci na data ba. Akwai ma MoodleBox da ake ɗorawa a kan 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi mai girman tafin hannu, ita da kanta take ba da wayifai, fawa banki ma yana riƙe ta. Wuta ce matsalar, mu da sola muke lallaɓawa.

Shigar da tambayoyi kuwa akwai wani tsari da ake kira Aiken mai sauƙin gaske. A Notepad za ka rubuta tambaya a layi ɗaya, ƙasanta A. B. C. D. kowanne a layinsa, sannan layin ƙarshe ka sa ANSWER: B da manyan baƙaƙe, ka bar layi ɗaya ka shiga ta gaba. In za ka ajiye ka zaɓi UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu duk sai su koma wasu alamomi, malaman Hausa ku kula da wannan. In ka ɗora fayil ɗin a Moodle, tana juya tambayoyi da zaɓin amsa, wanda ya leƙa na kusa da shi ya ga C ya danna C ya faɗa rami, don nasa C ɗin daban ne. Agogo yana tafiya a gefe kamar na JAMB, lokaci na cika ta rufe, maki ya fito nan take, babu kwana ana makin takardu da tocila.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne bayan an gama tana nuna maka kowace tambaya mutum nawa suka ci, da amsar kuskuren da aka fi zaɓa. In rabin aji sun tafi amsa ɗaya da ba daidai ba, to ka san akwai inda bayaninmu bai shiga ba, gobe sai a koma kansa. Kuma nan wahalar take, rubuta tambaya mai kyau. In amsoshin kuskure ukun shirme ne kowa zai gane ta gaskiya ba tare da ya san komai ba, dole kowacce ta zama irin kuskuren da yaro yake yi da gaske.

Waya dai ba kwamfuta ba ce, shi ya sa muke sa su layi a kan laftof ɗin ma, kowa ya saba da madannai da linzami. 'Yan mata muke fara sawa, don yawancinsu ba su da waya a gida, kuma su ne ake kira su koma kafin la'asar.