Abin da firamaren ƙauye ta koya mini

Yanzu da na ajiye alli, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Makarantar da na riƙe 'yar UPE ce, wato shirin gwamnati na firamare ga kowa, cikin waɗanda aka buɗe a 1976 zamanin mulkin soja na Obasanjo, lokacin da aka ce boko kyauta ne ga kowane yaro. A gindin tsamiya ta fara. Dagaci ya ba da fili, mutanen gari suka yi gayya suka tayar da aji biyu na ƙasa. Ba a tambayar takardar haihuwa: yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne ya isa shiga.

Duk wannan na ji shi ne a bakin dattawa, sauran kuma yana cikin rajistar farko da na gada. Sunan yaro, sunan uba, unguwa, sai layin ƙarshe, dalilin barin makaranta: aure, almajiranci, ci-rani, rasuwa. Wanda ya karanta layin nan ya san yadda garin ya karɓi boko. Da ita kuma muke rubuta wa tsofaffin ɗalibai shaidar kammala firamare in aiki ko takara ta taso.

Bayan dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin tushe kyauta ga kowa, kuɗin gyara suka iso, aka ce a rushe tsohon sito inda rajistar take. Na ce wa sakataren ilimi na lokacin, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in kwashe takardu." Ya ce, "Malam, ɗan kwangila ba zai jira abincin gara ba." Ranar ina ofis wajen tantance ma'aikata aka watso komai waje. Shafi guda na tsinta, a hannun mai ƙosai, ya sha mai. Da na rubuta ƙorafi sai aka ce na tsallake na gaba da ni, ƙarin girmana ya kwanta. An shafa fenti, an ɗauki hoto, shi ke nan.

Matasan hedimastoci, ku kwafi rajistarku, ku ajiye ɗaya a akwatin ƙarfe a gidan dagaci. Kada ku yi faɗa da iyaye kan fashin damina da ranar kasuwa, ba za ku ci ba. Maganar 'ya'ya mata kuwa, ta hannun liman take tafiya.

Har yau 'yan ajin farko na sallama a ƙofar gidana neman shaida. Kwatancen ofishin ilimi nake yi musu.