Kashi nawa aka ba ka?

A Jidda, idan direba ɗan'uwanmu ya yi karo, tambayar da ke biyo bayan "lafiya dai ko?" ita ce "kashi nawa aka ba ka?" A ƙasar nan laifin hatsari rabawa ake yi: wani ya ɗauki kashi 100 cikin ɗari, wani 75, wani 50, wani 25, wani ya tashi ba ko ɗaya. Da bizar direban gida na zo daga Kano, kuma kafin in gama sanin unguwanni sai da na san wannan lissafi, domin a kansa albashin mutum yake tsira ko ya salwanta.

A gida mun san yadda ake yi. Mutane su taru, kowa ya zama alƙali, mai babbar murya ko babbar riga ya yi rinjaye, daga ƙarshe wani dattijo ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri, a tafi wurin mai gyara a raba kuɗi. Akwai alheri a ciki, ban musa ba. Sai dai sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ne ake ba haƙurin.

Nan kuwa Najm ake kira. Kamfani ne da aka kafa a 2007 don ya riƙa duba hatsari a madadin kamfanonin inshora. Muddin ba wanda ya ji rauni, ba gobara, kuma aƙalla mota ɗaya tana da inshora, aikinsu ne. Za ka ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, ka kai rahoto ta manhajarsu, ka janye motar gefe don kada ka tare hanya. Jami'insu ya zo, ya ga lasisi da igama, wato katin izinin zama, ya dubi inda aka bugi kowace mota, ya ji ta bakin kowa, sannan ya yanke kaso. In an zubar da jini ko an yi rashi, magana ta koma hannun Murur, 'yan sandan hanya.

Wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe yana tuƙi a garin shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaro, ko ɗan sarki ne ya buge ka ta baya, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka karɓi kuɗi a bakin titi. Ɗauki hoto ka jira." Na ce, "Baba, to in shi ɗan ƙasa ne ni baƙo fa?" Ya ce ai ƙarfen mota ba shi da igama, shi zai yi magana. Wanda ya daki na gabansa kusan kullum shi ke kwashe laifin duka, don bai bar tazara ba. A shataletale, irin na Keke da ke kan titin Sittin, wanda ke ciki shi ke da hanya. Inda ake yawan samun rabin-da-rabi shi ne motoci biyu su nemi shiga layi ɗaya a lokaci guda.

Dalilin hana karɓar kuɗin hannu ya fito fili daga baya. Gareji ba ya taɓa motar da ta yi karo sai da takardar izinin gyara. Kuɗin ɓarnar ma ba mai gyara ke faɗa ba, cibiyar Taqdeer ake kai motar a ƙiyasta, inshorar mai laifi ta biya gwargwadon kasonsa. Wanda ya sasanta a titi ya koma gidan kafili, ubangidan da ya kawo shi aiki, da lotsattsiyar mota ba takarda, shi kaɗai ya san abin da zai faɗa.

Inda abin ya yi nauyi shi ne rai. Tun 2011 diyyar kisan kuskure ta koma Riyal 300,000, kuma ita ma da kaso ake lissafa ta: mai kashi 25 zai ɗauki 75,000. Inshora tana biya, amma idan jan wuta mutum ya tsallake ko ya bi hannun da ba nasa ba, kamfanin na da ikon ya biya sannan ya dawo kansa ya karɓi kuɗinsa. Azumin kaffara na wata biyu a jere da ke cikin Suratun Nisa'i kuwa babu inshorar da ke ɗauke wa mutum.

Abin da har yanzu yake cutar sababbin zuwa shi ne harshe. Jami'i na tambaya da Larabci, ɗaya direban na zuba bayani, namu yana ta gyaɗa kai don ladabi. Ana iya ɗaukaka ƙara idan kason bai yi maka ba, amma gyaran abin da aka riga aka rubuta ya fi wuya. Shi ya sa muke ajiye lambar waɗanda aka haifa a nan cikin 'yan uwanmu, masu Hausa da Larabci a baki ɗaya. Duk wanda aka buga, kafin jami'i ya iso, ya riga ya kira ɗayansu ya buɗe sifika.