Wasiƙa daga San Luwi: mashigar mita 4 da ta cinye ƙauye

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari.

Daga San Luwi nake rubuto muku, tsohon birnin arewacin Sanigal da mutanensa ke kira Ndar, inda Kogin Sanigal ke faɗawa Tekun Atilantika. Tsakanin kogin da teku akwai wani siririn zirin yashi, Langue de Barbarie. A kansa unguwar masunta ta Guet Ndar take: gidaje a cunkushe, kwale-kwale masu fenti kala-kala jere a gaɓa, mata na shanya kifi cikin hayaƙi da ƙarni.

A watan Oktoban 2003, zamanin Shugaba Abdoulaye Wade, kogi ya cika ya batse har yana neman cinye gari. Hukuma ta yi wuf ta yanka mashiga mai faɗin mita 4 a zirin nan, kudu da birni, don ruwa ya samu hanyar teku. Ruwa kuwa ya janye, aka yi ta hamdala.

Ashe garin gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a daɓe bakin mashigar da komai ba, igiyar ruwa ta shiga zaizayar yashi dare da rana. Cikin 'yan kwanaki faɗinta ya ninka sau da yawa, yau kuwa maganar kilomitoci ake yi. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, mutanensa suka watse. A yankin Gandiol gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasa. Masunta da farko sun yi murna da gajeriyar hanyar fita teku, amma tudun yashin ƙarƙashin ruwa kullum sai ya sake wuri, jiragensu na kifewa. Ɗaruruwan mutane sun rasu a wurin, Allah ya jiƙansu.

Ni ban ga laifin wanda ya so ceton gari ba. Laifin shi ne kogi ya daɗe yana ambaliya, amma babu wani tsari da aka zauna aka yi tun ana zaman lafiya, da masana da masunta a tabarma ɗaya. Sai da ruwa ya zo wuya aka ɗauko motar haƙa.

Gyaran ya fi ɓarnar tsada. Bayan ziyarar Shugaba Macron a 2018, Faransa ta sa kuɗi aka jibga katangar duwatsu a gaban unguwannin masunta. Bankin Duniya kuma ya tallafa aka kwashe waɗanda teku ta rusa wa gidaje zuwa Diougop, can cikin tudu. To, masunci da sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga jirginsa, wane irin zama ke nan?

Na san wani zai ce mu 'yan Arewa ina ruwanmu da teku. Tun 2023 Najeriya na da ma'aikatar harkokin teku, kuma da dukiyar ƙasa ake tafiyar da ita. Ruwan Neja da Binuwai da ke ratsa garuruwanmu a teku yake ƙarewa. Wanda ya ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san irin shawarar da ake yankewa idan ruwa ya shigo da tsakar dare. Ku tambayi wakilanku a majalisa: ina tsarin, wa ya rubuta shi, kuma an ji ta bakin mazauna gaɓa?

A gaida mutan gida.

Ɗan'uwanku a Ndar