Dawar da ba ta jiran ruwan sama: tafiyata ƙasar firgi

Ni ɗan jigawa ne. A garinmu, can gefen Gumel, ƙasa rairayi ce fara sol. Ruwa zai kwana yana zuba, gari na wayewa ka saɓi fartanya ka shiga gona ƙafarka ba ta ɗauko komai ba. Amma idan sama ta ɗauke sati biyu, za ka ga gero ya fara murɗe ganye, hankalin kowa ya tashi. Da wannan sanin na girma, shi ya sa ranar da kawuna, wanda ke fataucin hatsi a kasuwar Dawanau, ya ce mini akwai inda ake dasa dawa bayan damina ta wuce, kuma ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba, sai na ce, "Kawu, ai sai dai in ban ruwa suke yi." Ya ce, "Ba rijiya, ba inji. Shirya kayanka, jibi za mu Gamboru, can gabashin Borno, ka gani da idonka."

Watan Oktoba ne, shekaru kaɗan kafin rikicin Boko Haram ya rufe wannan hanya. Muka bar Kano da asuba, muka bi Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, muka shiga Maiduguri da la'asar sakaliya, tafiyar kusan kilomita 600. Duk tsawon hanyar ƙasar da na sani nake gani, rairayi da jar ƙasa, an girbe gero an jingine karan. Muka kwana, da safe muka nufi tashar Muna inda ake hawa motocin Dikwa da Gamboru Ngala.

Akwai abin da na wuce ta kansa a Maiduguri ban lura ba, sai da na shiga karatun aikin gona daga baya na gane shi ne mabuɗin duk abin da na gani. Wani dogon tudun rairayi ne ya ratsa ta garin ya nufi Bama, har ya tsallaka Kamaru wajen Yagwa. Tudun nan gaɓar tsohon Tafkin Chadi ce. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce, lokacin da ruwan sama ya fi na yau yawa nesa ba kusa ba, tafkin ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 300,000, kuma igiyar ruwansa ce ta tara wannan rairayin. Tudun yana kan tsayin wajen mita 320 daga teku, tafkin yau kuwa yana wajen mita 280. Wato da ka bar Maiduguri ka yi gabas, gangarawa kake yi a hankali cikin kwanon da ruwa ya taɓa cikawa.

Bayan Mafa ƙasa ta fara sauya launi. Fari ya koma toka-toka, toka-toka ya koma baƙi. Bishiyoyi suka ragu, sai dushe mai jan jiki tsaitsaye rukuni-rukuni, da aduwa jefi-jefi. Fili kuwa ya baje kamar faranti, ba tudu ba kwari, har inda ido ya gaji. Ruwan damina bai gama janyewa ba, yana kwance a wurare yana ƙyalli, balbelu sun yi fari a kansa. Kwaltar ma ta canza hali, ta yi ta tashi tana sauka kamar an shimfiɗa ta a kan katifa, gefenta duk ya daddare. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna waje da haɓarsa ya ce, "Firgi ke nan, yaro. Ba ta barin hanya, ba ta barin gini."

Mun ɗan tsaya a Dikwa, garin da Rabe ya mayar hedikwatarsa a 1893 bayan ya ci Borno, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a 1900. Ganuwar gidansa tana nan. Ba mu daɗe ba, domin ƙauyen da Kawu ke da hulɗa da manomansa yana gaba, kuma sai an sauka daga kwalta.

A nan na fara gaisawa da firgi hannu da hannu. A-kori-kurar da muka hau ba ta yi nisa ba ta shiga wani wuri da samansa ya bushe ya yi ɓawo, ƙasansa kuwa ɗanye sharaf. Tayoyin baya suka nutse. Muka sauko turi. Taku uku na yi, takalmina ya ɗauko laka kamar an ɗaura mini bulo a kowace ƙafa, na huɗu kuwa sai ƙafar ta fito ta bar takalmin a ciki. Na ɗebi lakar na murza tsakanin yatsu. Ba tsakuwa ko ɗaya, ba ƙurus-ƙurus ɗin rairayi, sumul take kamar sabulu, ga danƙo. Na mulmula ta ta yi tsawo kamar igiya, na lanƙwasa ta ta zama zobe ba ta karye ba. Ƙasar garinmu ko dunƙulewa ba ta yi balle ta yi zobe. Sai da aka sari rassan dushe aka cusa ƙarƙashin taya, mutanen wata gona suka kawo mana ɗauki, sannan muka fita, rana ta riga ta karkata.

Ƙauyen yana kan wani ɗan tudu, kuma haka duk ƙauyukan yankin suke, kowanne a ɗane kamar tsibiri, saboda da damina filin gaba ɗaya ruwa ne. Wasu tuddan rairayi ne na asali, wasu kuwa mutane ne suka tayar da su ba da niyya ba, gini kan rusasshen gini, toka kan toka, ƙarni bayan ƙarni. Irin wannan tudu ne Daima, kusa da iyakar Kamaru, wanda masanin tarihin ƙarƙashin ƙasa Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966. Tsayinsa ya haura mita 10, kuma ya nuna mutane sun zauna a wurin tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen firgi ba baƙi ba ne a kan wannan laka.

Bulaman ƙauyen, Babarbare ne mai jin Hausa sosai, shi ya sauke mu. Da gari ya waye ya ce wa Kawu, "Alhaji, bar mini ɗan nan naka, yau zai yi dashe."

Abin da na fara gani shi ne gonakin duk an kewaye su da ƙananan kunyoyi, tsayinsu bai kai gwiwa ba, an yanka filin gida-gida. Tun da rani ake gyara su, domin idan ruwa ya sauka kada ya gudu, ya tsaya ƙasa ta sha ta ƙoshi. Irin kuwa tun cikin damina aka yafa shi a wani wuri mai ɗan tudu da rairayi, kamar yadda muke renon albasa, har ya kai tsawon kusan kamu ɗaya. Da ruwa ya janye sai a sassabe ciyawar da ta fito a ƙone ta. Ba huɗa, ba kaftu. Garma ba ta da aiki a nan.

Namiji ɗaya yana gaba da wani ƙaton turke mai tsini, nauyinsa ya isa a ji a kafaɗa. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya caka a ƙasa, ya jujjuya, ya zare, ya yi babban taku ya sake cakawa. Ramin yakan kai zurfin taƙi ɗaya ko ɗan fiye. A bayansa mata da yara, wata ta zuba ruwa kamar cikin moɗa ɗaya a ramin, wani ya saka dashe biyu da aka datse wa ganye. Ba a ma rufe ramin. Na tambaya, "Baba, sau nawa za a dawo a ba ta ruwa?" Ya ce, "Wannan da ka gani shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Sauran yana ƙasa, ita za ta bi shi." Na ce to me ya sa ake barin fili haka tsakanin rami da rami, ga ƙasa baƙa wuluk mai ƙarfi? Ya ce, "Ɗana, tulu ɗaya ne. In ka tara masu sha da yawa, kowa zai kwana da ƙishi."

Wannan dawa ita ake kira masakwa. Na karɓi turken na yi layi biyu, tafin hannuna ya yi kanta, amma ban so a karɓe ba.

Maganar tulun nan ta Bulama, da na je makaranta na tarar ita ce dai malamai ke faɗa da dogon bayani. Kogunan da ke gangarowa daga kudu, irin su Yedzaram da ke fitowa daga wajen duwatsun Mandara, suna zubar da tsakuwa da rairayi tun a hanya. Abin da ya fi laushi ne kaɗai ke isowa wannan fili, ya kwanta a ruwan da ba ya gudu. Haka aka yi dubban shekaru ana tara yumɓu. Kuma yumɓun wani iri ne da ake kira simektait, wanda ƙwayoyinsa suke kamar shafukan littafi: ruwa yana shiga tsakanin shafi da shafi, ƙasa ta kumbura, ta toshe kanta, ruwan ya kasa wucewa ƙasa. Filin ba shi da gangara, don haka gishirin ƙasa irin su kalsiyam da maganiziyam ba sa wankewa su tafi, kuma su ne ke sa irin wannan yumɓu ya zauna da halinsa. Sai yanayi ya cika aikin. Damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, ruwan shekara bai fi milimita 500 zuwa 600 ba, sannan rani mai tsawo. Da ruwa na sauka duk shekara da ƙasar ba za ta taɓa bushewa ta tsage ba, da kuma babu ruwan sam da ba za ta kumbura ba. Sanyin hunturu kuma yana rage yadda rana ke zuƙe danshi, daidai lokacin da masakwa ke buƙatarsa.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne baƙin nan ba alamar taki ba ne kamar yadda na zata. Ruɓaɓɓen ganye a cikin firgi kaɗan ne, sai dai ya manne da yumɓun sosai har ya rina shi.

Muka koma a ƙarshen Janairu da buhuna. Ban gane wurin ba. Inda motarmu ta nutse ya zama kamar ƙarfe, ƙasa ta tsattsage gida-gida kamar bayan kunkuru. Na zura hannu cikin wata tsaga ya shige har wuyan hannu, na zura karan dawa ya tafi fiye da mita bai taɓa ƙasa ba. Jakuna suna tafiya suna zaɓen wurin sa ƙafa. A tsakiyar wannan ƙaƙas ɗin, cikin hazo, ga masakwa tsaye da manyan kawuna dunƙule-dunƙule, wasu sun sunkuya don nauyi. Yara suna kan rumfuna suna kaɗa gwangwani da majajjawa saboda jan-baki, domin a wannan lokaci babu wani hatsi a fili sai ita, tsuntsu duk nan yake yowa.

Na tsuguna bakin wata tsaga ina kallo, iska tana tura ɓarɓashin ƙasa da karmami suna faɗawa ciki. Bulama ya ce, "Ka ga abin da ya sa ba ma huɗa? Ita take juya kanta." Gaskiya ya faɗa. Abin da ya faɗa cikin tsaga yana can ƙasa, idan ruwa ya dawo ƙasa ta kumbura babu wurin da zai koma, sai ya ture na kusa da shi ya yi sama. Sunan da masana suka ba irin wannan ƙasa, batisol, daga kalmar Latin mai ma'anar juyawa aka samo shi. A bakin wani rami da aka haƙa don tara ruwa na ɓamɓaro wani ɓangare daga ƙasa-ƙasa, na ga fuskarsa sumul tana sheƙi da zane-zane kamar an goge ta da cokali, wurin da laka ta goga laka ke nan. Akwai kuma ƙananan fararen duwatsu kamar gujiya, na farar ƙasa. Wannan motsi shi ke karya kwalta, shi ke tsaga bangon siminti.

A wannan zuwan muka biya ta Sabon Marte. A can gwamnati ta kafa babban aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi, aka tsara noman alkama da shinkafa a kan hekta 67,000 na wannan laka, da ruwan da za a jawo daga tafki ta wata doguwar hanyar ruwa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya bar bakin hanyar ruwan a bushe. Na tsaya a kan gaɓarta ina kallon ciyawa a ciki, raina ya sosu, don an kashe dukiya kuma mutane sun sa rai. A Jazira ta Sudan irin wannan baƙar laka ce ake noman auduga a kanta tun 1925, kuma Hausawa da yawa sun yi aiki a gonakin, amma can kogin Nil ne ke bayarwa, ba tafki marar zurfi mai tafiya da dawowa ba. Masakwa kuwa a shekarun farin ma an dasa ta duk inda kunya ta riƙe ruwa. Tsallaken kogin Ebeji, a Kamaru, Fulani suna kiran ƙasar karal, dawar kuma muskuwari. A Chadi berbere suke ce mata.

Daren ƙarshe matar Bulama ta tuƙa mana tuwon sabuwar masakwa da miyar kuka da busasshen kifin tafki. Fari ne tas, da ɗan zaƙi a ƙarshen harshe. Muka loda buhu arba'in muka kamo hanya.

Ban sake komawa ba. A watan Mayun 2014 aka kai wa Gamboru Ngala mummunan hari, ƙauyukan firgi suka watse, mutanen da suka koya mini riƙon turke suka koma zaman gudun hijira, wasu a Maiduguri wasu a Fotokol ta Kamaru. Kawu ya yi ta cigiyar Bulama wajen 'yan kasuwar da ke zuwa Dawanau har Allah ya yi masa rasuwa bai samu labari ba. Dunƙulen lakar da na ɓamɓaro a bakin ramin nan yana wurina a cikin gwangwanin madara. Duk shekara idan na zo darasin ƙasa, nakan gutsuri kaɗan in sa a faranti, in ajiye rairayin garinmu a gefe, in ba wani ɗalibi moɗa in ce ya zuba wa kowanne ruwa, sauran su matso kusa.