Kafin ka tare a bayan garin Agadas

Ƙannena masu shirin barin cunkoson cikin gari ku koma sababbin unguwannin gefen Agadas, inda fili yake da sauƙi kuma dare yake tsit: kusan duk abin da zan faɗa muku sai da na yi shi ba daidai ba kafin na gane. Mafi tsadar kurakuran shi ne zaɓen fili a lokacin sanyi.

A Disamba da Janairu kowane fili kyakkyawa ne. Ka koma ka gan shi a watan Mayu da tsakar rana, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ka tambayi masu zama a wurin yaushe rabonsu da ruwan famfo. Sannan ka sake komawa a Agusta, washegarin ruwan sama. Ruwan Agadas bai taka kara ya karya ba, a matsakaici ba ya wuce milimita 150 a shekara, amma ba wanda ya zuba a kanka ne abin tsoro ba. Wanda ya zuba a duwatsun Abzin ne yake gangarowa ta korama, sararin sama tas a unguwarku, ruwa kuma yana tafe. A farkon Satumbar 2009 koramar Telwa ta ɓalle cikin dare ta rusa dubban gidaje. Saboda haka ka duƙa ka karanta ƙasa. Yashi mai laushi da ya kwanta lif kamar an share, tsakuwa masu santsi, ciyayi da ledoji da suka maƙale a gindin itatuwa duk ta gefe ɗaya, wannan hanyar ruwa ce, ko da shekara biyar bai bi ba. Komai arahar filin ka bar shi.

Takarda kuwa, kada ka ba da kuɗi sai ka je ofishin magajin gari an duba lambar filin a littafi, mai awo ya nuna maka turakun iyaka guda huɗu da idonka. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon abu ba ne.

Sai ruwa, wanda shi ne zaman gaba ɗaya. Ka lissafa lita 50 ga kowane mutum a rana, sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum shida lita 300 ke nan, jarka 15 masu lita 20. Unguwar da take ƙarshen bututu ita ce ta ƙarshen samu, da bazara kuma sau da yawa sai tsakar dare famfo yake kawowa. Tanki mai lita 1,000 zai riƙe ku kwana uku, kada ka sayi wanda bai kai haka ba. Ka sa masa abin da yake rufe ruwa da kansa in ya cika, don ba kullum za ka farka ba. Ka yi masa rumfa: baƙin tanki a rana ruwansa ba ya taɓuwa da azahar, farin da haske yake ratsawa kuma gansakuka yake yi. Bututun roba a binne shi aƙalla santimita 40, wanda aka bari a fili rana tana busar da shi ya tsage. Lambar mai ga-ruwa biyu ka riƙe, ba ɗaya ba, kuma ka riƙa biyansu a kan lokaci, domin ranar da aka ɗauke ruwa wanda suka saba da shi suke fara kai wa.

A gini, yawancinmu bulon siminti da kwano muke so don a ce na zamani ne, sai ɗaki ya koma tanda har bayan isha'i. Bangon tubalin ƙasa mai kaurin santimita 40 yana riƙe sanyin dare zuwa rana. Kakanninmu da suka gina tsohon gari sun san abin da suke yi. Sharaɗinsa uku ne: harsashi na dutse da siminti da ya ɗago rabin mita daga ƙasa, indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango, da yaɓe kowace shekara kafin damina, musamman bangon gabas da hadari yake duka. Dogayen ɓangarorin ɗaki su fuskanci kudu da arewa, tagar yamma ta zama ƙarama ko babu. In kwano ya zama dole, a yi sili, a bar kafofin iska tsakaninsu, a ɗaure katakon rufi da waya a cikin bango, don guguwar gaban hadari tana yaye rufin da aka ɗora da ƙusa kawai. Ƙofar ɗaki kada ta kalli arewa maso gabas, daga nan ƙurar hunturu take zuwa.

Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ba lallai ta iso unguwar da wuri ba, sola za ka nema. Fanka mai wat 60 in ta yi awa 10 ta ci wat-awa 600 (wato 60 sau 10), ka tara na kowane kaya haka kafin ka je kasuwa. Faifan solar ya kalli kudu, a ɗan karkace kamar digiri 15 zuwa 20, a goge shi da asuba duk mako da tsumma mai laushi. Zuba ruwan sanyi a gilashi mai zafi yana iya fasa shi. Batir kuwa zafi ne ajalinsa: ƙarin digiri 10 yana iya raba kwanansa biyu. Ɗaki mafi sanyi za ka ba shi, ba ƙarƙashin kwano ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunama. Sabon wuri nata ne kafin ya zama naka. Kwashe ragowar tubali da duwatsu daga tsakar gida, yara su kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin katifa, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kowa da tocila da dare. In ta harbi yaro, ba tsaga, ba tsotsa, ba jiran safiya, asibiti kai tsaye. Ɗan kabu-kabu ba ya shawagi a bayan gari ƙarfe biyun dare, don haka tun makon farko ka je ka gaida mai unguwa da liman, ka san maƙwabcin da yake da mota, ka karɓi lambarsa. Babur ɗinka ya kwana da mai, a wanke matatar iskarsa duk mako, don yashi yana cinye inji.

A Yuli ka dasa dogon yaro biyu ta yamma, mita huɗu daga bango, rami santimita 60 da taki, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ruwan alwala da na ɗauraya ya ishe su.