Daga indomin mota zuwa jinin kwata

Watan jiya na kai motata gyaran salansa wani gareji a nan Jos, bayan kwana biyu naji ƙararta ta canza, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na kai wa wani bakaniken daban, ya leƙa ƙarƙashi ya ɗago yace "Malam ai an kwashe maka indomi." Wallahi da farko na ɗauka zolaya yake. Ashe abin nan ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma dake cikin salansa, shi suke kira indomi don yayi kama da taliyar, kuma ana cire shi ne saboda an shafe shi da ɗan wasu ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, ƴan giram kaɗan amma kuɗi ne masu kauri.

Haushin wannan abu ne ya maida ni karatu akan filatinam, da yake dama kemistiri nake koyarwa a sakandare, daga nan na faɗa maganar fiyul sel. Ita na'ura ce da zaka bata iskar haidurojin ta haɗa da oksijin ta baka wutar lantarki, sharar da take fitarwa ruwa ne kawai, ba hayaƙi ba ƙugin janareto. Kuma ba sabuwa bace, tun 1839 wani Bature ɗan Birtaniya William Grove ya nuna abin na yiwuwa, Toyota kuma ta fito da motarta Mirai mai aiki da fiyul sel a 2014. Matsalar itace ɓangaren oksijin ɗin akwai nawa, sai an sa masa mai zuga shi wato katalis, kuma gwanin wannan aiki shine filatinam. Kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake, sai Rasha da Zimbabuwe, duk duniya a shekara bai cika kai tan 200 ba. Mu ƴan Jos da muka ga abinda haƙar kuza ta bar mana na kududdufai ba sai an mana dogon bayani akan haƙar ma'adinai ba.

To inda abin ya burge ni kenan. Tun 1964 wani masani mai suna Jasinski ya gano cewa in ka samu ƙwayar ƙarfe guda zaune a tsakiya, ƙwayoyin naiturojin huɗu sun kewaye ta, zata iya zuga oksijin ko ba filatinam. Shi da kobalt yayi, daga baya aka fi raja'a akan baƙin ƙarfe. Yanzu ka tambayi kanka ina ake samun baƙin ƙarfe kewaye da naiturojin huɗu a banza? Cikin jini! Himogulobin ɗin dake ɗaukar oksijin a jikinmu haka zubinsa yake. Duk wanda ya taɓa zuwa kwata da sassafe yaga yadda jinin shanu ke bin kwalbati, ƙudaje na biki, ya san ba ƙarancinsa muke ba. Haka gashin kajin da ƴan figa ke tarawa a buhu, keratin ne mai naiturojin da salfa, ga ɓawon gyaɗa da totuwar masara da ɓuntun shinkafa masu bada kabon.

Irin wannan sharar ake gasawa a haɗa katalis a madadin filatinam, amma fa kar wani ya ɗauko kasko. Ana busar da abin a niƙa, a saka a tanderun da aka kori iska daga ciki aka cika da gas ɗin naiturojin ko na agon, a gasa shi awanni a zafin digiri 700 zuwa 1000, don in oksijin ya shiga toka kawai zaka kwasa. Wani lokaci a haɗa da sinadarin KOH, ɗan uwan sodar sabulu, ya huda shi ƙananan ramuka, har giram ɗaya na wannan gawayin ya iya samun faɗin fuska sama da murabba'in mita 1000, sannan a wanke da asid. Na nunawa ɗalibaina ɗan kwatanci da totuwa a gwangwanin madara mai ƙaramar huda a murfi, muka samu gawayi baƙi ƙirin mara nauyi, wata yarinya tace "Malam wannan ai irin na kakata ne." Kuma da gaskiyarta, gawayi ne kawai muka yi ba katalis ba.

Ni dai inda nake ja da baya shine yadda ake zuzuta abin a intanet kamar gobe za'a daina haƙar filatinam. Irin wannan katalis yafi yin ƙoƙari a ruwa mai kanwa-kanwa, amma fiyul sel na mota mai asid ne, a can yana saurin gajiya, ƙarfen na zubewa. Sannan jinin saniyar yau ba lallai yazo daidai da na gobe ba, masana'anta kuwa abu iri ɗaya take so kullum. Ga kuma tanderun nan da ke buƙatar wutar lantarki ba ɗaukewa na awanni, a inda nake zaune in an kawo ta awa huɗu a jere har mamaki muke.

Motar kuwa har yanzu haka nake jan ta ba indomi, da bakaniken ya faɗa min kuɗin na Belgium sai nace masa bari dai albashi ya shigo tukuna.