Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Na Kusa Ƙaryata Dattijo Saboda Kwamfuta

Jama'a barkanmu da warhaka. Satin da ya wuce mun tsaya a inda Kawu ya gaji da ganina a majalisa da takardar difloma a jaka ina jiran aikin gwamnati, ya ce in bi shi Singer in riƙa taya Malam riƙe littafi. To yau labarin lokacin canjin kuɗi ne, wanda har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ga wanda bai san Singer ba, kasuwar sarin kayan masarufi ce a Kano, suga, taliya, madara, man girki, sabulu, komai katan-katan da buhu-buhu. Kawu dila ne, kwastomominsa daga Gumel, Haɗeja, Daura, har Maraɗi suke zuwa. Shi kuma Malam tun ban san kaina ba shi ne akawun shagon, yana da wani littafi mai baƙin bango da biro biyu, ja na bashi shuɗi na wanda ya biya, kuma ba ya son a taɓa masa.

Ina wata na huɗu a shagon, sai Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 cewa za a canja 200 da 500 da 1000, aka ce wa'adin tsofaffi 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Kun dai san yadda aka sha. Mutumin da tunda yake bai taɓa biyan kaya ba sai da damin kuɗi a buhun bako, rana ɗaya ya koma tiransifa, ga sabis ba ya tafiya, ga alat ɗin tes sai ya ga dama yake shigowa, kuma a wayar Kawu yake shigowa, in ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure shi ke nan direba ya yi ta zama a bakin shago da mota babu lodi, 'yan dako suna ta mita.

Ni ne na lura banki yana turo alat ɗin ta imel ma, kuma sau da yawa imel ɗin yana riga tes isowa. Sai na roƙi Kawu ya bar ni in buɗe imel ɗin shago a laftof ɗina. Da farko da hannu nake kwafa, in buɗe saƙo in duba suna da adadi da lokaci in rubuta a Excel, in koma in buɗe na gaba, wata rana har sha ɗayan dare ina kai, idona na ruwa, kuma duk da haka sai Malam ya kamo ni na ƙara sifiri ko na ci ɗaya. Ba ya faɗa, kallona kawai yake ta saman tabarau, wallahi gara ya zage ni.

Wani dare ina lalube a YouTube na ci karo da Apps Script. Ashe Google ya ba duk mai Gmail damar rubuta ɗan kod, wato jerin umarni ga kwamfuta, da yaren JavaScript, kyauta, ya shiga akwatin imel ɗinka ya karanto saƙo ya zuba abin da kake so a Google Sheets, wato teburin Google mai kama da Excel. Na fara duba Zapier, wata manhaja mai irin wannan aikin, saboda shi ba ka rubuta komai, amma na kyautarsa aiki 100 ne a wata, mu kuwa a kwana biyu za mu cinye, sauran kuma da dala ake biya, ina ni ina dala a lokacin da naira ɗari biyar ta kuɗin adaidaita ke gagara ta.

Abin da na haɗa ba wani abin a zo a gani ba ne. Na sa wa Gmail matata, duk saƙon da ya fito daga adireshin banki a manna masa lakabin "sabo". Kod ɗin kuma duk minti biyar sai ya farka da kansa, ko laftof a kashe take domin a can wajen Google yake gudu, ya ɗebo masu wannan lakabin, ya nemo inda banki ke rubuta adadi ya kwashe lambobin gabansa ya cire waƙafi, ya ɗauki sunan mai turowa da bayanin da ya rubuta da lokaci, ya jera a layi ɗaya, sannan ya canja lakabin zuwa "an gama". Ranar farko da na sake shi kan tsofaffin saƙonni ya mutu a hanya, sai daga baya na gane minti shida kawai ake ba shi a kowane tashi, na koma ba shi kaɗan-kaɗan. Kwanan wata ma ya wahalar da ni, na ga 3 ga Fabrairu ta koma 2 ga Maris, ashe teburin a tsarin Amurka yake inda wata ke riga rana, na mayar da shi tsarin Ingila aka zauna lafiya.

Kai jama'a, ranar da layi ya fara faɗowa da kansa a waya ta ji na yi kamar ni na ƙera jirgin sama. Kawu ya riƙa nuna ni ga maƙwabta, yana cewa ku zo ku ga ɗan ƙanwata ya sa aljani aiki. Kaina ya kumbura, har na fara ganin littafin Malam kamar kayan tarihi. Alhali ko a lokacin rabin sunayen da ke faɗowa ban san su ba, domin mutanen karkara wajen mai POS suke zuwa ya tura musu, sunan mai POS ne ke fitowa, Malam ne zai leƙo ya ce wannan na mai shagon bakin tasha ne, wancan ɗan Hajiya ne ya tura mata.

Ana cikin haka wata Laraba, saura kwana kaɗan zaɓen shugaban ƙasa, wani dattijo daga wajen Gumel ya zo, mutumin da ya fi shekara ashirin yana sari wajen Kawu. Ya ce ɗansa ya tura kuɗin suga buhu talatin tun hantsi. Na duba waya ta, babu. Na jira minti biyar ya zagayo, babu. Kuma satin nan aka damfari wani a layinmu da alat na bogi, kowa a tsorace yake. Kawu ba ya nan, wayarsa ba ta shiga.

Na ce, "Baba kuɗin nan fa bai shigo ba."

Ya miƙo min wayarsa da hoton rasit, ni kuma da rawar kai na ce ai Baba hoto kowa zai iya haɗawa yanzu. Shagon ya yi tsit. Malam ya ajiye biro ya ce a loda masa kayansa, in kuɗi bai zo ba a rubuta da ja a sunana ni Malam. Na buɗe baki zan yi magana ya ce, "Kai yaro, rufa mana baki." Dattijon bai ce min komai ba, ya dai kalle ni ya ce wa Malam a bar kayan, ya gode, ya gyara babbar rigarsa ya fita. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Da daddare na kasa cin tuwo, na buɗe Gmail ɗin da kaina, abin da ya kamata in yi tun da rana amma na yarda da teburina fiye da idona. Ga kuɗin nan zaune tun ƙarfe 10:42 na safe. Ba shi kaɗai ba ma, alat bakwai ne ba su shiga teburin ba a ranar.

Ga inda na yi wauta. Gmail yana haɗa saƙonnin da suka zo daga wuri ɗaya da take iri ɗaya a ƙulli guda, kamar hira ɗaya, alat ɗin banki kuwa duk takensu ɗaya ne. Shi kuma kod ɗina ƙullin gaba ɗaya yake manna wa lakabi, kuma na rubuta masa cewa duk ƙullin da ke da "an gama" ya tsallake shi. To da sabon alat ya faɗo cikin tsohon ƙulli sai ya wuce abinsa, bai yi kuka ba bai nuna ja ba, abin da na ce ya yi shi ya yi. Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba, kowane saƙo yana da lambarsa ta daban, na sa ya riƙa ajiye lambar a teburi, kafin ya rubuta ya duba ko ya taɓa ganinta. Na ƙara masa wani abu kuma, duk yamma ya ƙirga saƙonnin banki na ranar ya ƙirga layukan teburi, in ba su zo ɗaya ba ya turo min gargaɗi. Wannan dabarar ma ba tawa ba ce, haka Malam yake yi da littafinsa da rasitai kullum kafin a rufe shago, ina kallo ina ganin ɓata lokaci ne.

Da asuba bayan an idar da sallah na tari Kawu a ƙofar masallaci na faɗa masa komai, har maganar hoton. Ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba, can ya ce, "Ba a waya za ka ba shi haƙuri ba." Ya sa aka loda buhu talatin ɗin a mota, ya ƙara katan ɗin madara ɗaya, ya ce in shiga gaba kusa da direba, kuma kar in dawo Kano sai dattijon ya karɓi kayan da hannunsa. Malam ya yago wata 'yar takarda daga bayan littafinsa ya rubuta wani abu da ajami ya ninke, ya ce in ba shi, kar in buɗe.

Muka kama hanyar Gumel wajen ƙarfe tara, takardar na aljihun gabana. Yadda ta kaya a zauren gidan dattijon nan, da awa nawa na yi a tsugune kafin ya fito, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.